Dokokin Jinginar Dukiya Mai Ɗaukuwa

Dokokin jinginar dukiya mai ɗaukuwa su ne ƙa'idojin da ke tsara yadda mutum ko kamfani zai sa abin da ya mallaka, wanda ba fili ba ne ba kuma gini ba, ya tsaya masa a bakin bashi. Dukiya mai ɗaukuwa ta haɗa da dabbobi, da amfanin gona, da hajar kanti, da injuna, da motoci, da zinari, har da abin da hannu ba ya taɓawa, kamar bashin da ɗan kasuwa yake bin abokan cinikinsa, da hannun jari, da kuɗin da ke cikin asusun banki. Dokokin suna fayyace lokacin da mai ba da bashi yake samun haƙƙi a kan kayan, da hanyar da sauran jama'a za su san da wannan haƙƙin, da wanda za a fara biya idan masu bin bashi sun taru a kan kaya ɗaya, da kuma abin da ya halatta mai bin bashi ya yi idan wa'adi ya cika ba a biya shi ba.

Wanda ya karɓi jingina bai mallaki kayan ba. Haƙƙinsa shi ne a sayar da su a biya shi kafin kowa, in da saura a mayar wa mai kaya. A nan ya sha bamban da wanda ya ba da kuɗinsa bisa yarda kawai, domin shi wannan, ranar da mai cin bashi ya karye, layi zai shiga da sauran masu bi, a raba musu abin da ya rage gwargwadon bashin kowa. Jingina ta kuma bambanta da lamuni, inda wani yake tsaya wa wani: a lamuni mutum ake riƙewa, a jingina kaya.

Tushen matsalar

Tsohuwar hanyar jingina, wadda kusan kowace al'umma ta sani, ita ce miƙa kaya hannu da hannu. Mace ta kai sarƙarta ta zinari wurin mai kuɗi, ta karɓi rance, ranar da ta biya ta fanso abinta. Hankalin mai kuɗi a kwance yake, tunda kaya suna akwatinsa. Babu kuma wani da zai ruɗu ya sake ba da bashi a kan sarƙar, domin ba ta wuyan mai ita.

Cikas ɗin yana bayyana ne idan abin da mutum ya mallaka shi ne abin sana'arsa. Tela ba zai ajiye keken ɗinkinsa a gidan mai kuɗi ba sannan ya yi ɗinkin da zai biya bashin. Haka mai injin niƙa, haka direban babbar mota, haka ɗan kasuwar da duk jarinsa yana cikin hajar da dole ya sayar yau ya saro wata gobe. Idan kuwa aka bar kayan a hannun mai su, wata ƙofar ta buɗe: yana iya sayar da su, yana iya jinginar da injin ɗaya ga mutum uku ba tare da ɗayansu ya san da ɗaya ba, kuma duk wanda ya ga shagonsa cike zai ɗauke shi mawadaci alhali komai na ciki an riga an ci bashi a kansa. Tun zamanin Rumawa ake fama da wannan. Dokarsu ta san jinginar da ake miƙa kaya, ta kuma san wadda ake barin su wurin mai su, amma ba ta da rajistar da za ta bayyana ta biyun. Tarihin wannan reshe na doka kusan dukansa neman hanya ce da za a bar wa mutum kayan aikinsa ba tare da an yaudari na gefe ba.

Jingina a fiƙihun Malikiyya

A ƙasar Hausa, dokar jingina ta farko da aka karanta a rubuce ita ce ta fiƙihu, a babin da malamai ke kira rahanu. Tushen babin aya ta 283 ce ta Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar jinginar da aka karɓa a hannu ga matafiyan da ba su sami marubuci ba, da kuma hadisin da Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi wurin wani Bayahude ya jinginar masa da sulkensa. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, littattafan da alƙalan arewacin Nijeriya suka dogara da su, duk sun yi bayanin hukunce-hukuncensa.

A wurin Malikiyya, alkawarin jingina yana ɗaure mai kaya tun daga furta shi, amma ba ya cika sai mai bin bashi ya karɓi kayan. Idan mai kaya ya rasu ko ya karye kafin a karɓa, mai bin bashi ya rasa fifikonsa, ya koma daidai da sauran masu bi. Ba a kuma wadatuwa da cewa su biyun sun yi iƙirarin an karɓa. Sai shaidu sun gani da idonsu. Dalilin a fili yake: mutum biyu suna iya haɗa baki su ce akwai jingina don su hana sauran masu bin bashi haƙƙinsu. Haka nan idan mai riƙe da jingina ya mayar wa mai kaya kayansa da son ransa, ko da aro ne, jinginar ta warware. Ana dai iya ajiye kayan wurin wani amintacce da su biyun suka yarda da shi.

Malaman mazhabar sun shiga har cikin ƙananan al'amura. Idan kayan irin waɗanda ake iya ɓoyewa ne, kamar tufafi da kayan ado, suka salwanta a hannun mai riƙe da su, shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Idan kuwa irin waɗanda ba a ɓoyewa ne, kamar dabba, asarar ta mai kaya ce. Ɗan da dabba ta haifa tana jingine ya bi uwarsa cikin jinginar, amma 'ya'yan itace na mai itace ne in ba an sharɗanta ba. Hukunci mafi nauyi a babin shi ne hana cinye jingina: sharaɗin da ke cewa in ba ka biya ranar kaza ba kayan sun zama nawa, ɓatacce ne. Kaya sai an sayar, da izinin mai su ko ta hannun alƙali, a cire bashi a mayar da ragowa. Wanda kuma ya ba da rance ba ya cin amfanin abin da aka jinginar masa, domin rancen da ya jawo amfani riba ce. Wannan ne ya sa malamai suka daɗe suna sukar al'adar jinginar gona da ake yi a karkara, inda mai kuɗi yake noma gonar shekara da shekaru bashinsa kuma yana nan bai ragu ba.

Abin lura a wannan tsari shi ne cewa bai tsaya ga kare mai kuɗi da mai kaya ba. Nacewar da aka yi a kan karɓa da ganin shaidu don mutum na uku aka yi ta, wanda bai halarci cinikin ba amma zai iya cutuwa da shi. Wannan damuwar ce dai ta haifar da rajistar zamani.

Daga Ingila zuwa Amurka

A Ingila, shari'ar da ake yawan farawa da ita ita ce ta Twyne, ta shekarar 1601. Twyne yana bin wani mai suna Pierce bashin fam 400, wani mutum dabam kuma yana bin Pierce ɗin fam 200. Da na biyun ya kai ƙara, sai Pierce ya ba Twyne dukiyarsa kaf a asirce, amma ya ci gaba da riƙe tumakin da ke cikin dukiyar, yana aske musu gashi, yana sa musu alamarsa, yana sayar da wasu. Kotu ta ce wannan yaudara ce, ta rushe kyautar. Daga nan alƙalan Ingila suka daɗe suna zargin duk wata yarjejeniya da ta ba wani haƙƙi a kan kaya alhali kayan suna hannun mai su.

Bunƙasar masana'antu ta tilasta sassauci, domin masaƙa ba za ta kai injunanta banki ta ajiye ba. Majalisar Ingila ta yi dokoki a 1854 da 1878 da 1882 waɗanda suka halatta jingina ba tare da miƙa kaya ba, muddin an yi rajistar takardar. Kotuna kuma, tun daga wata shari'a ta 1870, suka amince da jingina mai shawagi, wadda kamfani yake yi a kan dukiyarsa gaba ɗaya, yana saye yana sayarwa yadda ya saba, sai ranar da ya gaza biya sannan jinginar ta sauka a kan abin da aka tarar. Nijeriya ta gaji wannan tsari ta hanyar mulkin mallaka, domin dokokin Ingila na gama-gari da ke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900 sun zama dokokinta.

A Amurka abin ya fi haka rikicewa. Kafin 1950, kowace irin jingina tana da dokarta da ofishin rajistarta: ta kayan da aka saya bashi dabam, ta hajar 'yan kasuwa dabam, ta basussukan da ake bin abokan ciniki dabam, kuma kowace jiha da nata salon. Lauya ya kuskure suna ko ofis, jingina ta tashi a banza. Gyaran ya zo ne a Babi na 9 na kundin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da aka fi sani da UCC, wanda aka fitar a 1952, jihar Pensilbaniya kuma ta fara karɓarsa a 1953. Grant Gilmore da Allison Dunham ne suka jagoranci rubuta babin. Shawarar da suka yanke mai sauƙin faɗa ce: kada a dubi sunan da aka sa wa yarjejeniya, a dubi aikin da take yi. Duk cinikin da ainihinsa shi ne kaya su tsaya wa bashi, doka ɗaya ce za ta hau kansa, rajista ɗaya kuma za a kai shi. An sake fasalin babin baki ɗaya, sabon ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2001, kuma yau dukkan jihohi 50 suna aiki da shi.

Lardin Ontariyo na Kanada ya yi tasa dokar a kan wannan tafarki a 1967, ta fara aiki a 1976, sauran larduna suka bi, ban da Kebek da ke da nata kundin mai asali daga Faransa. Niyu Zilan ta yi tata a 1999, ta fara aiki a 2002. Ostareliya a 2009, ta fara aiki a 2012. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin cinikayya, UNCITRAL, ta fitar da jagora ga masu yin doka a 2007, sannan ta fitar da dokar kwaikwayo a 2016. Jiragen sama, da yake ba sa zama ƙasa ɗaya, an yi musu yarjejeniya ta musamman a Cape Town a 2001, mai rajista guda ta duniya da ke Dablin.

Yadda tsarin yake aiki

Jingina tana ƙulluwa tsakanin mutum biyu idan mai ba da bashi ya ba da wani abu mai daraja, mai kaya yana da haƙƙi a kan kayan, kuma an rubuta yarjejeniya da ta siffanta su. Siffantawar tana iya zama ta jimla, kamar a ce duk hajar da ke sito da wadda za a saro nan gaba. Haƙƙin yana kuma bin abin da kayan suka rikiɗa suka zama: an sayar da buhunan shinkafa, ya koma kan kuɗin, an sayi wata hajar da kuɗin, ya koma kanta.

Wannan ƙulli bai ɗaure kowa ba sai su biyun. Don ya yi ƙarfi a kan sauran mutane sai an bayyana shi, kuma babbar hanyar bayyanawa ita ce shigar da gajeriyar sanarwa a rajistar da kowa zai iya dubawa. Ba yarjejeniyar ake kaiwa ba. Sunan mai kaya ne, da na mai bin bashi, da bayanin kayan. Ma'aikacin rajista ba ya binciken gaskiyar abin da aka shigar. Aikin sanarwar shi ne ta gargaɗi mai dubawa ya je ya yi tambaya. A Amurka sanarwa tana aiki shekara 5, sai a sabunta ta ko ta mutu.

Fifiko na wanda ya riga shiga rajista ne, ko da wani ya riga shi ba da bashi. Ƙa'idar tana da tsauri, amma tana sa mai ba da bashi ya san matsayinsa kafin ya saki kuɗinsa, wanda shi ne abin da ake nema. An yi mata togaciya a wurare biyu masu muhimmanci. Wanda ya ba da kuɗin da aka sayi wani kaya da su, ko ya sayar da kayan bashi, yana gaba da kowa a kan wannan kayan in ya yi rajista a kan lokaci. Ba don haka ba, da bankin farko da ya karɓi jinginar komai da komai ya toshe wa mai cin bashi kowace ƙofa. Wanda kuma ya sayi kaya a kanti ta hanyar ciniki na yau da kullum ya saye su ba tare da jingina ta bi shi gida ba, in ba haka ba kasuwa ba za ta ciwu ba.

Shari'o'i biyu sun nuna irin nauyin da rajista take da shi. A Niyu Zilan, kamfanin New Zealand Bloodstock ya ba wata gonar kiwon dawaki mai suna Glenmorgan hayar wani ingarma, Generous, bai yi rajista ba, yana ganin dokinsa ne ba mai ja. Wani kamfanin da ke bin gonar bashi kuwa ya riga ya yi rajistar jingina a kan duk dukiyarta. Da gonar ta karye, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005 cewa mai rajista ne ke gaba, mai doki ya biyo baya a kan dokinsa. A Amurka kuma, a 2008, lauyoyin da ke rufe wani ƙaramin bashi na kamfanin General Motors suka haɗa da takardar soke sanarwar wani bashin dabam, na dala biliyan 1.5, wanda bankin JPMorgan ke wakiltar waɗanda suka ba da shi. Ba wanda ya lura sai da kamfanin ya karye a 2009. A Janairun 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce sokewar ta zauna, tunda bankin ya duba takardar ya amince a shigar da ita, ko da bai yi nufin abin da ta ƙunsa ba. Hukuncin yana da ɗaci, amma daidai ne: rajistar da sai an binciki zuciyar wanda ya shigar da bayani kafin a gaskata ta ba ta da amfani ga kowa.

Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, mai bin bashi yana da ikon karɓar kayan, a ƙasashe da yawa ba sai ya je kotu ba, muddin bai yi amfani da ƙarfi ko ya ta da husuma ba. Dole ya ba da sanarwa, ya sayar ta hanyar da 'yan kasuwa za su yarda da ita, ya cire bashinsa da kuɗin ɗawainiya, ya biya masu bi na bayansa, ya mayar da saura. Mai kaya yana da damar fansar kayansa har zuwa lokacin da aka sayar.

Dokar Nijeriya ta 2017

Bankunan Nijeriya sun daɗe ba sa sauraron mai neman bashi sai ya zo da takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta sa jinginar fili mai takardar gwamna ba ta inganta sai da amincewar gwamnan jiha, abin da ke cin watanni da kuɗi. Mafi yawan gonaki da gidajen gado ba su da takardar shaidar mallaka ko kaɗan. Sakamakon haka, mutumin da ke da garken shanu, ko sito cike da riɗi a kasuwar Dawanau, ko tireloli uku a kan hanya, yana iya fita daga banki hannu rabbana, yayin da ma'aikaci mai fuloti ɗaya da takarda ya samu. Mata, waɗanda dukiyarsu ta fi zama a zinari da dabbobi da kayan sana'a, su wannan tsari ya fi bari a baya.

Babban Bankin Nijeriya, da taimakon hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya, ya fitar da ƙa'idojin rajistar jinginar dukiya mai ɗaukuwa a 2015, rajistar ƙasa ta fara aiki a intanet a watan Mayun 2016. Ranar 30 ga Mayu 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta ba rajistar gindin zama, tare da dokar tattara bayanan masu cin bashi.

Dokar ta ɗauki tafarkin Amurka da Kanada a mafi yawan al'amuranta. Ta hau kan duk yarjejeniyar da ke sa dukiya mai ɗaukuwa ta tsaya wa bashi, kowane suna aka ba ta, ban da fili da kuma jiragen ruwa da na sama waɗanda suke da rajistarsu. Ba a shigar da sanarwa sai da yardar mai kaya a rubuce. Ana gane mutum da lambar shaidarsa, kamfani da lambar rajistarsa, mota da makamantanta da lambar jikinsu. Fifiko yana bin jerin shiga rajista. Idan an biya bashi, mai kaya yana da haƙƙin neman a soke sanarwar cikin kwanakin aiki 15. Idan an gaza biya, mai bin bashi zai aika da sanarwa, bayan kwana 10 yana iya karɓar kayan, kuma yana iya neman 'yan sanda su raka shi don a karɓa lami lafiya. Dokar ta tanadi kwamitin sulhu a matsayin matakin farko kafin kotu, ta kuma cire waɗannan yarjejeniyoyi daga harajin hatimi.

Wani gurbi da aka bari shi ne na kamfanoni. Dokar ba ta hana su ci gaba da yin jingina a ƙarƙashin dokar kamfanoni ba, wadda a fasalinta na 2020 ta ce a yi rajistar jingina a Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90. Ke nan rajista biyu ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma mai ba kamfani bashi sai ya duba duka biyun kafin ya natsu. Wannan ya rage wa gyaran ƙarfi, tunda manufarsa tun farko ita ce a sami wuri ɗaya da za a duba. Tsofaffin dokokin jihohi da dokar saye da biya sannu a hankali ta 1965, wadda ta shafi irin cinikin da ake ba matasa a-daidaita-sahu da babura, su ma ba a share su ba.

Ghana, Nijar da maƙwabta

Ghana ta riga Nijeriya: dokarta ta masu ci da masu ba da bashi ta fito a 2008, rajistarta a ƙarƙashin babban bankin ƙasar ta buɗe a 2010, an kuma sabunta dokar a 2020. Malawi ta yi tata a 2013, Zambiya a 2016, Kenya a 2017, Habasha da Yuganda a 2019.

Nijar da Kamaru da Cadi da Benin suna ƙarƙashin wata inuwar dabam, wato OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da ta samo asali daga yarjejeniyar 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta jingina an amince da ita a Kwatano a 1997, aka sake fasalinta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Sabon fasalin ya halatta jinginar kaya ba tare da miƙa su ba, da sharaɗin a shigar da ita a rajistar kasuwanci da ake kira RCCM. Ya kuma yarda, a wasu halaye, su biyun su sharɗanta cewa kayan za su zama na mai bin bashi in an gaza biya, amma sai ƙwararre ya yi musu kuɗi, in darajarsu ta wuce bashin a mayar da rarar.

A Nijar ɗin ne aka ga wani salo da ya dace da manomi ƙwarai. Tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin hukumar abinci ta FAO, ƙungiyoyin manoma suke tara gero da wake da gyaɗa a sito lokacin kaka, sa'ad da farashi yake ƙasa. Ana rufe siton da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun ba da rance. Manoma su karɓi rance a kan wani kaso na darajar hatsin, su yi kiwo ko noman rani ko ƙaramin ciniki, su biya bayan watanni, a buɗe sito lokacin da hatsi ya yi tsada. Manomi bai sayar da amfaninsa a wulaƙance ba, mai rance kuma bai dogara da alkawari kawai ba. Haɗarin shi ne shekarar da farashi ya ƙi tashi.

Abin da doka ba ta gama warwarewa ba

Rajista tana tabbatar da wanda ke gaba, amma ba ta riƙe saniya. Mota tana da lambar jiki da ba ta canzawa. Shanu ba su da ita, suna tafiya da ƙafarsu, suna ƙetare iyakar ƙasa, ana kuma sace su. Hatsi yana lalacewa, inji yana tsufa, haja tana ƙarewa. Mai ba da bashi a kan irin wannan dukiya yana buƙatar ma'aikacin da ya san darajarta, da mai zuwa dubawa lokaci-lokaci, da inshora, da kasuwar gwanjo da zai sayar ba tare da faɗuwa ba. Inda babu waɗannan, manyan bankuna suna komawa ga takardar fili da takardun bashin gwamnati. Ba mamaki da ya zama mafi yawan cibiyoyin da suka shiga rajistar Nijeriya ƙananan bankuna ne masu hulɗa da 'yan kasuwar unguwa.

Akwai kuma tsoron ɓangaren mai cin bashi, wanda bai kamata a raina ba. Dokar da ta sauƙaƙa jinginar komai ta sauƙaƙa rasa komai. Karɓar kaya ba tare da kotu ba, da rakiyar 'yan sanda, iko ne babba a hannun mai kuɗi, a wurin da mai kaya sau da yawa bai iya karanta takardar da ya dangwala wa hannu ba. Amurka kanta, inda tsarin ya fito, ta hana masu ba da rance karɓar jinginar kayan amfanin gida irin su gado da tufafi da tukwane tun 1985, sai in da kuɗinsu aka sayi kayan ko an miƙa musu su a hannu. Ƙa'idar mayar da ragowar kuɗi bayan sayarwa, wadda fiƙihu da dokar zamani suka haɗu a kanta, ita ce ta fi cancantar a sanar da jama'a, domin a nan aka fi cutar talaka.

Ga bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, jingina halal ce a kan bashin da ya taso daga ciniki, kuma hukumar AAOIFI da ke Baharain, mai tsara musu ƙa'idoji, ta ɗauki rajista a matsayin karɓa ta hukunci, wadda ke tsayawa a madadin karɓar hannu. Sai dai dokar Nijeriya ta wuce nan: ta ce mai bin bashi yana iya riƙe kaya, amma riƙon kaɗai ba ya cika jingina, sai rajista. A fiƙihu kuwa riƙon shi ne cikar. Saboda haka ɗan kasuwar da aka ajiye wa babur ko janareta a shagonsa gaban shaidu, bisa yadda iyaye da kakanni suka saba, yana iya tarar da wani ƙaramin banki ya riga ya shigar da sanarwa a kan kayan, kuma bisa nassin dokar bankin ne ke gaba. Rajistar a buɗe take ga mai bincike ta intanet, da lambar shaidar mai kaya ko lambar jikin abin, kuma dubawar ta wajaba kafin a ba da rance a kan irin waɗannan kaya ko a sayi mota ta hannu.